Minti Biyu Kafin Likita Ya Ɗauki Wuƙa

Idan aka shiga da mutum ɗakin tiyata bai fito da rai ba, abin da dangi kan ce shi ne kwana ya ƙare. Haka ne, ba mai wuce ranarsa. Amma su kansu likitoci sun san akwai asarar da ba cutar ce ta jawo ta ba, sakaci ne: an manta da ƙullin auduga a ciki an ɗinke, an ƙara wa mutum jinin da ba irin nasa ba, an yi masa allurar da jikinsa ba ya karɓa, ko an yi aiki a ƙafar hagu alhali ta dama ce ke ciwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin marasa lafiya 10 kan cutu a wurin da ya je neman sauƙi, kuma fiye da rabin wannan cutarwa ana iya kauce mata.

A shekarar 2008 hukumar ta fito da wani magani mai arha har ya so ya ba wasu dariya: takarda ɗaya tal mai ɗauke da abubuwa 19 da za a duba. Wani likitan tiyata na Amurka, Atul Gawande, shi ya jagoranci tsara ta, dabarar kuma daga matuƙa jirgin sama aka aro ta, waɗanda komai ƙwarewarsu ba sa tashi sai sun bi jerin abubuwan dubawa ɗaya bayan ɗaya.

Sau uku ake tsayawa. Kafin a yi allurar barci, sai a tambayi mara lafiya sunansa da bakinsa, da aikin da aka ce za a yi masa, da wurin da za a yanka, wanda an riga an yi wa alama da alƙalami. A tambaye shi ko akwai maganin da ke tayar masa da borin jini. A maƙala masa wata 'yar na'ura a yatsa mai nuna iskar da ke cikin jini, a kuma tabbatar an tanadi jini in ana zaton zai zubar da yawa. Tsayawa ta biyu ita ce kafin wuƙa ta taɓa fata. A nan kowa a ɗakin zai faɗi sunansa da aikinsa, daga babban likita har ƙaramar nas, sannan a tabbatar an ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin minti 60 da suka wuce. Ta uku kuwa kafin a fita da shi: nas ta tabbatar da babbar murya cewa an ƙirga auduga da allurai da kayan aiki, kuma lissafi ya cika. In an shiga da auduga goma aka ga tara, ba inda za a je sai ta goman ta fito.

An gwada takardar a asibitoci takwas, daga Landan da Toronto har Delhi da garin Ifakara na Tanzaniya, kan marasa lafiya kusan 8,000. Sakamakon da aka buga a 2009 ya nuna mace-mace sun sauko daga mutum 15 cikin 1,000 zuwa 8, matsalolin bayan aiki kuma daga kashi 11 cikin 100 zuwa 7. Ba a gina sabon ɗaki ba, ba a ƙaro likita ba.

Sai dai takarda ba laya ba ce. Da lardin Ontariyo na Kanada ya tilasta ta a asibitocinsa, binciken da aka buga a 2014 bai ga wani canjin a zo a gani ba. Bayanin da masana da dama suka yi shi ne, ana iya cike takarda a jefa cikin fayil ba tare da kowa ya tsaya ya yi magana ba. A ganina nan ne gizo ke saƙa. Amfanin faɗin suna ba gaisuwa ba ne. Wanda ya buɗe baki sau ɗaya a ɗakin, zai fi iya buɗe shi in ya ga ana shirin yin ɓarna. A jihar Mishigan ta Amurka ma, lokacin da aka rage cututtukan da ke shiga jini ta robar da ake zurawa a babbar jijiya, daga cikin abin da aka yi har da ba nas-nas ikon dakatar da likita in ya tsallake mataki, ko da wanke hannu ne.

Wannan kuwa shi ne mai wuya a wurinmu, domin an tarbiyyantar da mu kada ƙarami ya tari numfashin babba. Tarbiyya ce mai kyau a zaure. A ɗakin tiyata kuwa, shirun nas da ta ga auduga ba ta cika ba, rai yake ci. Babu mai musun cewa asibitocinmu na fama da ƙarancin ma'aikata da ɗaukewar wuta da famfon da ba ruwa, kuma likita guda kan ga layin da ya ishi likita uku. Ai gajiyayye ne ma ya fi buƙatar abin da zai tuna masa. Shugaban asibitin da ke son gyara, ya fara da daina hukunta wanda ya kawo rahoton kuskure, domin in aka ci mutuncin ɗaya, sauran za su koyi ɓoyewa.

Mai jinya ma yana da nasa rabon. Tun 2018 aka ƙaddamar da kundin haƙƙin marasa lafiya a Najeriya, wanda ya tanadi a yi wa mutum bayanin ciwonsa da maganinsa da harshen da yake fahimta. Saboda haka kada ka sa hannu a takardar yarda da tiyata sai an gaya maka me za a yi kuma a ina. Ka faɗi duk maganin da mara lafiya ke sha, har na gargajiya da na kemis, ba tare da jin kunya ba. In aka zo da jini ko allura, ka nemi a karanta sunan da ke jiki, domin a ɗaki guda ana iya samun Aisha Muhammad biyu. In kuma ka ga an fito daga kan wani gado za a taɓa ciwon mara lafiyarka ba a wanke hannu ba, ka yi magana cikin ladabi, amma ka yi.