Matar Da Ta Ƙare Rayuwarta Tana Bin Mazari

Duk wanda ya taɓa zama a bakin rafi ko kududdufi da damina ya san mazari, ƙwaron nan mai fikafikai huɗu da siririn jiki kamar abin kaɗin auduga. Yara sukan kama shi su ɗaura masa zare, manya kuwa ko kallo bai ishe su ba. To, jama'a masu karatu, akwai wata mata da ta yi shekara wajen talatin tana nazarinsa, ba digiri, ba albashi.

Sunanta Cynthia Longfield. An haife ta a Landan a 1896, amma gidansu na gado yana Cloyne, a kudancin ƙasar Ailan. A gida aka koyar da ita, ba ta taɓa shiga jami'a ba. Iyayenta masu hali ne, kuma gaskiya sai an faɗa, wannan ne ya ba ta sukunin yin aiki kyauta. Amma 'ya'yan masu kuɗi nawa ne suka zaɓi shiga taɓo?

A 1924 ta shiga wani jirgin ruwa mai suna St George tare da masana, zuwa tsibiran tekun Pasifik, tana taimaka musu wajen tara ƙwari. Da ta dawo sai ta kama aikin sa kai a babban gidan adana halittu na Landan, aka danƙa mata sashen mazari. A 1927 ta tafi Mato Grosso a ƙasar Birazil, ta komo da mazari iri 38, uku daga cikinsu ba wani masani da ya taɓa rubuta su.

Kada mai karatu ya ɗauka aikin yawon buɗe ido ne kawai. Yawancinsa zama ne a kan tebur da madubin ƙara girma, ana ƙidaya jijiyoyin fiffike, ana duba ƙarshen ciki, domin sau da yawa nan ne kaɗai ake bambanta wannan iri da wancan. Littafin da ta wallafa a 1937 a kan mazarin tsibiran Birtaniya ya ƙare a kasuwa nan da nan, saboda ta rubuta shi yadda wanda ba masani ba zai gane. Daga nan mutane suka laƙaba mata suna Uwargida Mazari.

Ta zo Afirka a 1934, ta zaga Kenya da Yuganda da ƙasashen kudu, ta sāke dawowa a 1937. A wannan zuwa na biyu ne zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ita, tilas ta koma gida. Abin ya ba ni mamaki, don mazari babban abokin gāban sauro ne. 'Ya'yansa sukan yi watanni, wasu ma shekaru, a cikin ruwa suna cin 'ya'yan sauro, in ya yi fiffike kuma ya riƙa cafke sauro a iska.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ta shiga aikin 'yan kwana-kwana a Landan, har ana yaba mata da taimakawa wajen ceton gidan adana halittun daga gobarar bama-bamai a 1941. Bayan ta ajiye aiki ta koma Cloyne, ta ci gaba da bin ƙwari da 'yar ragarta. Ta rasu a 1991, tana da shekara 94.