Gubar da jami'an tsaro ke shaƙa a wuraren haɗa miyagun ƙwayoyi

A watan Maris na 2016, jami'an hukumar yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi ta ƙasa, NDLEA, suka bankaɗo wani katafaren wurin haɗa ƙwayar metamfetamin a Asaba, babban birnin Jihar Delta, inda suka kama 'yan ƙasar Meziko huɗu. A irin wannan samame hankalin jama'a yakan koma kan waɗanda aka kama da yawan kayan da aka ƙwace. Ba kasafai ake tambayar abin da jami'in da ya fara kutsawa ciki ya shaƙa ba.

Masu wannan sana'a sukan toshe tagogi don kada wari ya tona musu asiri, saboda haka guba takan taru a ɗaki. Inda ake amfani da jan fosforas da aidin, dafawar na iya fitar da iskar fosfin, mai wari kamar tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi. Muguntarta ita ce mutum na iya fita yana jin garau, sai bayan sa'o'i ruwa ya taru masa a huhu, numfashi ya gagara. Amoniya kuwa nan take take ƙona ido da maƙogwaro. Ga kuma ruwan sinadarai masu saurin kama wuta, waɗanda tartsatsin makunnin fitila ko harbi ɗaya ya isa ya tayar da gobara a cikinsu. Shi ya sa ake gargaɗin jami'ai kada su kunna ko su kashe komai kafin masana sinadarai su iso.

Takunkumin asibiti ba ya tare iskar guba, rigar sulke ma haka. Abin da ake bukata shi ne na'urar numfashi mai tukunyar iska, da riga ta musamman, da wanke jiki tun a wurin. In ba haka ba, burbushin ƙwayar yakan maƙale a kaki da takalma, ya bi jami'i har gida wurin iyalinsa.

Game da fentanil, wadda ta addabi Amurka, an yi ta yaɗa cewa taɓa ta kawai na iya kayar da ɗan sanda. A 2017 ƙungiyoyin likitocin guba na ƙasar suka bayyana cewa da wuya ɗan taɓawa da fata ya yi wannan illa. Safar hannu da wanke wurin da ruwa sun wadatar.