Ba Kilishi Kaɗai Muka Gada Ba: Hira Kan Yawara, Banda, Dambu Da Kakide

Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda 'yan uwa masu ƙarancin data.

Yau nama za mu taɓa. Na san wani zai ce, "Kai da ka saba yi mana maganar tsaro da aikin yi, me ya kai ka tukuba?" Ku ɗan yi haƙuri, za ku ga inda zancen ya dosa.

Lokacin da nake jami'a, duk ƙarshen hutu Inna takan cika min gwangwanin madara da dambun nama. Abokin ɗakina kuwa kwalabe yake zuwa da su daga babban kanti, na abin shafa wa biredi. Wallahi a zangon farko ɓoye gwangwanina nake yi a ƙasan akwati, wai kada a ce ni ɗan ƙauye ne. Sai aka yi kwana huɗu babu wuta. Kwalbarsa da ya buɗe ta yi tsami, dambuna ko gezau. Daga ranar, shi ke sayo biredi, ni ke kawo dambu.

Abin da Inna ta sani, ni mai digiri ban sani ba, shi ne wannan: kusan kashi uku cikin huɗu na ɗanyen nama ruwa ne, kuma da wannan ruwan ƙwayoyin cuta ke rayuwa. Firji sanyaya su yake yi su lafa. Iyayenmu kuwa ruwan suke ƙwacewa, da rana, da hayaƙi, da gishiri, da suya. Kowane nau'in naman ajiya da muke da shi, ɗaya daga cikin hanyoyin nan ne.

Mu fara da yawara, wadda yara da yawa yanzu ko sunanta ba su sani ba. Ana yanka tsoka zara-zara, dogo-dogo, a shafa gishiri, a rataya a igiya inda iska ke kaɗawa. In ta bushe ƙayau, sai a adana, ranar da babu cefane a jefa a miyar kuka. A hunturu ta fi kyau, don iskar busasshiya ce. Ku lura, Babbar Sallar 2024 da ta 2025 duk a watan Yuni suka faɗo, damina ta kankama a Birnin Gwari. A irin wannan lokacin, in ka dogara da rana kaɗai, fumfuna za ta riga ka.

Nan banda take shigowa. Ita gunduwa-gunduwa ake yanka ta, a jera a kan waya ko sanduna, a hura wuta marar harshe a ƙasa. Zafin yana tsotse ruwan a hankali, hayaƙin kuma yana rufe bayan naman da sinadaran da ke hana shi saurin lalacewa. Mafarauta da masunta su suka fi kowa iya ta, domin mai nisa da gida ba ya jiran ya dawo kafin ya ceci namansa. Amma a yi hattara: dajin Kamuku gandun gwamnatin tarayya ne tun 1999, kuma farauta a cikinsa laifi ne. Bandar da nake tallata muku ta saniya ce da akuya da kifi.

Sai dambu. A dafa nama da albasa da citta da kanumfari har ya yi luguf, ruwan ya ƙone a jikinsa. A daka a turmi ya warware, sannan a soya a wuta kaɗan-kaɗan, ana juyawa har sai ya bushe ya yi wasar-wasar. Duk sirrin yana wannan suyar ta ƙarshe. Dambun da aka sauke da sauran danshi ba ya daɗewa. Akwai na kaza, akwai na kifi. Ku tsaga biredi ko gurasa ku zuba, ku gaya min abin da ya fi shi a kanti.

Na huɗu, soye da kakide. Bayan layya, iyaye mata kan narka kitsen rago, su soya nama a ciki har ya yi ƙaras. Man da ya rage ya daskare, shi ne kakide, cokali ɗaya ya isa ya tashi tukunyar miya. Mutanen Maroko ma suna da irin wannan, suna ce masa khli'i: su busar da nama, su dafa shi a kitse, su ajiye shi a ciki wata da watanni.

Kilishi kuwa, ango sha kallo, hanya biyu ya haɗa. A feɗe tsoka fale-fale, a shanya, a tsoma a labu, wato tunkuzar gyaɗa da aka dama da barkono da citta da masoro da albasa da gishiri, a sake shanyawa, sannan a nuna wa garwashi.

Wani zai tambaya, to ina tsiran Turawa, wanda ake ɗura niƙaƙƙen nama a hanji? A Arewacin Afirka suna da nasu na rago da saniya, sunansa margez. Turkiyya na da sujuk. Mu abin da ya fi kusa da shi a gidajenmu shi ne hanjin da ake naɗewa a jikin tumbi ranar Sallah a soya. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, su sun ɗura, mu mun shanya.

To, ga inda zancen ya dosa. A watan Nuwamban 2024 aka sake buɗe karar shanu ta Birnin Gwari, bayan shekarun da ta yi a rufe saboda 'yan bindiga. Duk wanda ya san abin da muka gani a hanyar Kaduna da ta Funtuwa ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ku tsaya ku kalli motocin da ke fita. Shanu ne a tsaye. Fawa, shanya, suya, ƙunshi, duk aikin da zai ciyar da matashi, a can inda motar ta sauke ake yinsa. Mu sai kuɗin lodi.

Ku dubi maƙwabta. Nijar ta yi wa kilishinta rajista a hukumar OAPI, mai kare haƙƙin mallaka a ƙasashen Afirka da dama, da sunan ƙasarta. Afirka ta Kudu ta mai da busasshen namanta, biltong, kayan kanti har a Ingila. In ka duba da kyau, ɗan uwan yawara ne aka yi wa wanka.

Sai dai kada wani ya ji wannan ya ruga da gaggawa. Abu huɗu ke kashe sana'ar, har su kashe mai ci. Na ɗaya, gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da guba mai lahanta hanta, kuma wuta ba ta kawar da ita, don haka a tsince gyaɗar labu da kyau. Na biyu, fesa maganin ƙwari a kan banda don korar ƙuda. Wannan guba ce kai tsaye, gidan sauro mai tsabta ya wadatar. Na uku, ƙulle nama a leda da sauran zafinsa, gumi ya taru ya dawo da ruwan da ka sha wahalar cirewa. Na huɗu, dabbar da ba a san asalinta ba. A garin da ya sha satar shanu, wanda ya sayi ta sata don arha ya zuba wa wutar da ta ƙone gidansa fetur.

Aikin gida na wannan makon mai sauƙi ne. Ka je wajen kakarka ko gwaggonka, ka ce, "Kaka, yaya kuke yin yawara a da?" Ka ɗauki muryarta a waya, ka rubuta ma'aunin gishirin da kwanakin shanyar. Ni na yi sake, tawa kakar ta rasu ban tambaye ta komai ba, Allah ya jiƙanta. Inna ce ta rage min, kuma ranar Asabar ina tsakar gida riƙe da taɓarya.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah ya zaunar mana da garinmu lafiya.