Idan Kamfani Ya Karye: A Yanka Ko A Yi Jinya?

A da, idan bashi ya yi wa kamfani katutu, hukuncinsa ɗaya ne a mafi yawan ƙasashe. Kotu ta naɗa wanda zai rufe shi, a yi gwanjon injina da gine-gine, masu bin bashi su raba abin da ya samu, ma'aikata su kama gabansu. Daga baya aka fara lissafin cewa saniya mai tatsa ta fi naman watanda daraja. Kamfanin da ke aiki, da ma'aikatansa da abokan cinikinsa, ya fi tarkacensa tsada. Wannan lissafin ne ya sa ƙasashe da dama suka sake dokokinsu cikin shekarun nan.

Amurka ce ta daɗe a kan wannan turba. Babi na 11 na dokarta ta karayar arziki ta 1978 ya bai wa kamfani damar neman mafaka a kotu, a dakatar da masu bin bashi, shugabanninsa su ci gaba da jan ragama har a tsara yadda za a biya. Ta nan General Motors ya bi a 2009 ya miƙe. Sai dai hanyar tana cin kuɗin lauyoyi, shi ya sa aka yi wa ƙananan 'yan kasuwa sassauƙan tsari da ya fara aiki a Fabrairun 2020.

Annobar korona ta ƙara wa sauran ƙasashe azama. Birtaniya ta yi sabuwar doka a Yunin 2020, wadda ta bai wa kamfani hutun kwanakin aiki 20 daga matsin masu bin bashi, kuma ana iya tsawaitawa. Abin da ya fi jan hankali shi ne ikon da alƙali ya samu na tilasta wa rukunin masu bin bashi da suka ƙi amincewa da tsarin biya, muddin ba za su fi yin asara ba fiye da abin da zai same su in tsarin ya wargaje. Kamfanin jiragen sama na Virgin Atlantic ne ya fara shiga sabon tsarin biya na wannan doka. Jamus da Holan suka biyo baya da nasu a ranar 1 ga Janairun 2021, bayan umarnin Tarayyar Turai na 2019.

A ganina, wannan iko na tilastawa shi ne zuciyar lamarin, kuma a nan haɗarin yake. Yana hana mai taurin kai ɗaya rusa maslahar kowa. Amma kuma manyan bankuna na iya haɗa baki da masu kamfani su danne ƙaramin ɗan kwangilar da ya kawo kaya bashi. Kotuna sun fara taka burki. A Yunin 2024 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta yi watsi da yarjejeniyar Purdue Pharma, kamfanin da ke yin maganin OxyContin. Iyalan Sackler, masu kamfanin, sun amince su bayar da kusan dala biliyan 6 domin a kare su daga ƙararrakin waɗanda maganin ya cutar, alhali su kansu ba su bayyana karayar arziki ba. Kotu ta ce dokar ba ta ba da wannan dama ba sai da yardar masu ƙara.

Indiya ta ɗauki wani salo. Dokarta ta 2016 tana karɓe ragama daga hannun masu kamfani, ta miƙa wa ƙwararre a ƙarƙashin kwamitin masu bin bashi, ta kuma hana wanda ya ƙi biyan bashi ya zagayo ya saye kamfaninsa da araha. An sa wa'adin kwana 330, ko da yake cunkoson shari'o'i kan sa a zarce shi. Kamfanin jiragen sama na Jet Airways ya shekara biyar yana jinya, har Kotun Ƙoli ta ba da umarnin rufe shi a Nuwamban 2024.

Mu ma abin ya iso mu. Dokar kamfanoni ta Nijeriya ta 2020, wato CAMA, ta shigo da sulhu tsakanin kamfani da masu binsa, da kuma naɗa mai riƙo wanda aikinsa na farko shi ne ceto kamfanin. Duk wanda ya ga yadda masaƙun Kaduna da Kano suka mutu, tsofaffin ma'aikata suka shekara suna bin haƙƙinsu, ya san amfanin wannan tanadi. Gana ma ta yi tata dokar a 2020. Nijar da Chadi da Kamaru kuwa suna bin dokar bai-ɗaya ta ƙungiyar OHADA mai ƙasashe 17, wadda aka sabunta a 2015 aka ƙara matakin sasanci kafin kamfani ya kai ga kasa biya.

Inda har yanzu ake fama shi ne idan shari'a ta tsallake iyaka. A Janairun 2024 wata kotu a Hong Kong ta ba da umarnin rufe Evergrande, katafaren kamfanin gidaje da ake bi fiye da dala biliyan 300. Amma kusan duk kadarorinsa suna babban yankin Sin, inda wasu kotunan ne ke da ikon cewa a taɓa ko kada a taɓa.