Barin Gidan Haya Kafin Wa'adi: Ina Makomar Kuɗin Ajiya?

'Yan'uwa, da yawa daga cikin 'ya'yanmu suna haya a Jos, Kaduna, Bauchi ko Abuja saboda karatu ko neman aiki. Sau da yawa da kuɗin amfanin gonarmu ake biyan wannan haya. Idan aiki ya ƙare, ko rashin lafiya ko rikici ya sa mutum komawa gida kafin wa'adi, sai a shiga jayayya da mai gida. Shi ya sa muka ga ya dace mu bayyana yadda abin yake.

Mai kama ɗaki a birni yakan biya kuɗi iri uku: kuɗin haya, yawanci na shekara guda, kuɗin dillali da na rubuta yarjejeniya, sai kuɗin ajiya. Na dillali ba ya dawowa, domin ladan aikinsa ne. Kuɗin ajiya kuwa amana ce a hannun mai gida. Ana riƙe shi ne domin gyaran abin da ɗan haya ya ɓata, ko biyan bashin da ya bari, kamar na wuta da ruwa. Abin da ya rage na ɗan haya ne.

Bari mu ba da misali. A ce ɗaki naira 120,000 ne a shekara, wato 10,000 a wata, ajiya kuma 20,000. Ɗan haya ya tashi bayan wata 8. Ya fasa gilashin taga na 5,000, ana kuma binsa kuɗin wuta 3,000. Daga ajiyarsa, 12,000 ya kamata a mayar masa. Amma 40,000 na sauran wata 4 fa? Nan ne mutane da yawa suke shan mamaki. Tun da shi ne ya katse wa'adin, ba dole ba ne mai gida ya mayar da wannan kuɗi, sai in an rubuta haka a yarjejeniya, ko kuma ya yarda don kansa. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a nemo wani mai son ɗakin, a kai shi wurin mai gida, in ya amince sabon mutumin ya biya ragowar watannin. Kada a saka kowa a ɗakin a ɓoye.

Akwai kuma wanda shekararsa ta cika, ya ƙara wata 2 bai biya ba, sa'an nan ya kwashe kayansa da dare yana cewa ajiya ta biya. Bashin hayar kaɗai ya cinye 20,000 ɗin, ga kuma ɓarna da kuɗin wuta. Mai gida yana iya kai shi kotu a kan ragowar, kuma in wani ɗan'uwa ne ya tsaya masa a rubuce, shi za a nema.

Shi ma mai gida akwai iyakarsa. Ba shi da ikon cire ƙofa, ko kwashe rufi, ko zubar da kayan ɗan haya waje domin ana binsa kuɗi. Sai ya ba da notis, ya bi ta kotu. A Abuja da Legas, in yarjejeniya ba ta faɗi kome ba, notis na mai biya wata-wata wata guda ne, na mai biya shekara-shekara kuma wata 6. Kowace jiha tana da dokarta. Dokar hayar da Legas ta yi a shekarar 2011, alal misali, ta wajabta wa mai gida ba da rasit.

Saboda haka, ga shawararmu. Tun ranar shiga, a karanta yarjejeniya, a tambaya me zai faru in an tashi da wuri. A karɓi rasit dabam na ajiya. A ɗauki hoton ɗakin da waya ranar shiga da ranar fita, domin tsufan fenti da makamantansa ba laifin ɗan haya ba ne. In tafiya ta kama, a sanar da mai gida a rubuce. A mayar da makulli a gaban shaidu biyu, a rubuta lissafin abin da aka cire da abin da ya rage, kowa ya sa hannu. In akwai bashi, a roƙi a biya kaɗan-kaɗan.

Iyaye, ku tambayi 'ya'yanku waɗannan takardu kafin ku sayar da hatsi ku aika kuɗi. Wanda ya rabu da mai gidansa lafiya, gobe in ƙanensa ya je neman ɗaki, ba za a rufe masa ƙofa ba.