Yadda Google Maps Ke Aiki a Hanyar Kwatarkwashi Ko Babu Sabis

Lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara a watan Satumban 2021, manhajojin da suka dogara da data sun tsaya cak. Taswirar da aka riga aka sauke kuwa tana aiki ko babu sabis, domin GPS daga tauraron ɗan adam yake samun sigina.

Matafiyin da zai bi ta Kwatarkwashi daga Tsafe zuwa Gusau sai ya buɗe Google Maps tun yana da data, ya taɓa hotonsa, ya shiga Offline maps, ya zaɓi yankin har Bungudu, ya sauke.

Sai dai taswira ba ta san halin tsaron hanya ba. Wannan direbobin tasha ake tambaya kafin a tashi.