Wa zai duba ginin gwamnati a ƙauyukan Batsari da Safana?

Ba a biyan kwangilar gwamnati a dunƙule. Ana ba ɗan kwangila kuɗin fara aiki, sauran kuwa sai injiniya ya je ya ga fandisho, ya ga an kai linta, ya ga an ɗora kwano, sannan ya sa hannu. Tsarin gaba ɗaya ya rataya ne a kan zuwan wannan mutum guda. A ƙananan hukumomin Batsari da Safana, da ke bakin dajin Rugu, an yi shekaru ma'aikaci daga Katsina sai ya yi dogon tunani kafin ya kama hanyar Wagini ko Runka ko Zakka, saboda 'yan bindiga. In bai je ba, ko dai a riƙe kuɗin har ɗan kwangila mai gaskiya ya karye, ko a sa hannu a ofis a kan ajin da ba wanda ya gani. Shi ya sa nake ganin na'urorin da ke bibiyar gini sun fi amfani a nan fiye da Abuja, inda injiniya kan leƙa aiki ya koma ofis kafin azahar.

Na'urorin iri-iri ne. A manyan gine-ginen Turai da Amurka, kamfanoni irin su OpenSpace da Buildots suna liƙa kyamara a hular ma'aikaci, ya zaga ginin, kwamfuta ta gwada hotunan da zanen, ta faɗi inda aka tsaya. Wannan ya yi wa ajujuwa biyu da ofishin hedimasta yawa. Abin da ya dace da mu ya fi haka araha. Akwai hoton waya mai ɗauke da ainihin wuri da rana da sa'a. Tun 2018 Bankin Duniya ke amfani da irinsa, ta manhajar KoboToolbox, wajen duba ayyukansa a yankunan rikici. Akwai taurarin ɗan Adam na Sentinel-2 na Turai, masu ɗaukar hoton wuri duk bayan kwana 5, kuma kyauta ake samun hotunan. Kowane ɗigo a cikinsu mita 10 ne, don haka ba za su nuna taga ba, amma sabon kwano mai ƙyalli a filin da babu komai a da zai fito. Sai ƙaramar na'urar da ake ɗaure wa rodi kafin a zuba kankare, tana auna ɗuminsa, daga nan a ƙiyasta ƙarfin da ya samu. A kwana 28 ake auna cikar ƙarfin kankare, kuma mai gaggawa yakan cire katako tun bai ƙosa ba. Na'urar tana rubuta ranar da aka zuba shi, abin da takardar ofis kan iya ɓoyewa.

Za a ce ina sabis? Tambaya ce mai nauyi, domin a watan Satumba 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan biyun. Sai dai manhajar tana adana hoto ba tare da intanet ba, ta tura shi ranar da wayar ta shiga gari, kuma tauraro ba ruwansa da dogon ƙarfen MTN. Ƙorafin da ya fi wannan ƙarfi shi ne na'ura ba ta ƙirga bulo nawa aka buga da buhun siminti ɗaya, ba ta san an sa siririn rodi a gurbin mai kauri ba. Ko na'urar cikin kankaren tana lissafi ne a kan cewa an kwaɓa shi yadda aka rubuta. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa ba za ta gaji injiniya ba. Abin da za ta yi shi ne ta rage masa tafiya, ya ajiye kasadarsa sai ranar ɗaurin rodi da zubin kankare. Sauran ranakun, hedimasta ko ɗan kwamitin makaranta, wanda 'ya'yansa ne za su zauna a ƙarƙashin rufin, ya isa ya ɗauki hoton.

Hotunan ayyuka ba baƙon abu ba ne a Najeriya. Tracka ta ƙungiyar BudgIT tana bin ayyukan mazaɓu tun 2014, hukumar ICPC ta fara nata a 2019, gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da manhajar Eyemark a ƙarshen 2022. Raunin yawancin wannan bibiya shi ne tana zuwa bayan kuɗi ya fita. An yi wa ɓarawo ihu bayan ya tsallake katanga. Gyaran yana cikin takardar kwangilar kanta. Katsina tana cikin jihohin farko na shirin AGILE mai gina makarantun sakandare, ga kuma ajujuwan hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB. A kwangilolin waɗannan ayyuka, a rubuta cewa ba za a saki kashi na gaba ba sai hoto mai shaidar wuri da rana ya shiga fayil, a kuma buɗe fayil ɗin yadda mutumin garin Ruma zai iya duba shi a wayarsa ya ce wannan ginin ba na garinsu ba ne.